Wanda Ya Kori Mujiya

A Zauro, inda gulbi ke shimfiɗa tabarmarsa duk damina,
akwai wata kuka a gefen gonar Kawu Arzika,
mai kogo a wuya, mai zuma a hammata.
Tsohuwa ce tun kakana yana wasan ƙasa.
Ba ta tambayar baƙo garinsu,
ta ba shi reshe, ta ba shi inuwa.

Da magariba jemagu ke zuwa shan furenta,
su tashi da gari a gemu,
su kai wa wata kukar can hanyar Ambursa.
Da hantsi balbela ta bi sawun shanun Jaɓɓo,
kofato ya tayar da fara, ita ta cafe.
Carki na bisa tozo yana tsince kaska,
sa ya lumshe ido kamar wanda wanzami ya dafa.
Kashin da suka bari buzuzu ya mulmula,
ya binne mana taki, bai nemi ko sisi ba,
ɓurɓushin da ya rage kuma na tururuwa.

Mujiya ce kaɗai ba ta da masoyi.
Daren da ɗan Kawu ya kwana da zazzaɓi
ta yi kuka sau uku.
Gari na wayewa ya cusa wuta a kogon,
hayaƙi ya fitar da ita, ya haɗa da zuma.
Yaron ya warke. Sauro ne, in ji malamin asibiti.
Ita kuwa ta tafi, babu dawowa.

A kakar nan ɓera ya yi biki, ya yi suna.
Shinkafa na tsaye da yamma, da safe sai kara.
Gafiya ta buɗe ƙofa bakwai a gindin rumbu.
Kawu ya hau keke zuwa Birni,
ya sayo magani a ƙullin leda,
ya kwaɓa da dusa, ya bi lungu-lungu.
Ɓeraye sun mutu, ba ƙarya,
ni da hannuna na ƙirga arba'in da biyu.
Bayan kwana uku muka tsinci shirwa
kwance a kunya, fiffike a buɗe,
sai guza a bakin ruwa, sai tunku,
sai ta Inna Tumba, farar kyanwa.

Inna ba ta ɗaga murya ba.
Ta binne abarta a gindin kukar,
ta karkaɗe zani, ta ce:
Arzika, matso in yi maka lissafi.
Mai gadin da ba ka biya, ka kore ta da wuta.
Masu karɓarta da rana, ka ba su guba.
Wa ya rage a gonar? Kai da ɓera.
Shi wata-wata yake haihuwa,
kai kuwa sai shekara ta yi zagayowa.

Haka aka yi.
Ruwa na janyewa suka dawo da jikoki.
Kuma fure ya buɗe a bayan danga,
rawaya shar, ya jira har azahar,
ba wanda ya leƙo shi, ya rufe, ya faɗi.
Bana miyarmu ba ta ga kabewa.

Jiya na ga Kawu bisa tsani,
yana kankare baƙin hayaƙi daga kogon
da tsohuwar lauje.
Ya rataya amya biyu, ya shafa musu kashin shanu.
Bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.
Da dare ya ɗauki buzunsa ya fita.
Na bi shi daga nesa.
Kwaɗi na ta musu a fadama,
jemagu na kai da kawowa,
shi kuwa ya karkata kunne wajen gabas,
mutumin da ya tsani kukan nan shekara hamsin
yana zaune cikin sauro,
yana jiran ya ji ta, ko sau ɗaya, kafin wayewa.